Mutum Ɗaya a Ɗakin Jira

"A mayar da shi kyauta," in ji shugabar kamfanin. "In bai farfaɗo ba, mu rufe."

Wani ma'aikacinta ne ya gina wasan, shi kuma ya goge farashin da hannunsa. Wasan intanet ne da ba ya farawa sai mutum huɗu sun haɗu a ɗakin jira. Da fari jama'a suka yi dafifi, daga baya suka zare jiki. Kyautar ma ba ta riƙe su ba. Aka riƙa kwashe kujerun abokan aikinsa, shi kuwa ba abin da ya iya sai zuba wa allo ido.

Amma lambar ba ta taɓa sauka sifili ba. Kullum akwai mutum ɗaya a ɗakin jira, ba ya motsi, ba ya fita.

"Ga shi nan, ranki ya daɗe," yakan ce. "Muddin akwai mai jira, wasan bai mutu ba."

Ranar da ta ce ya isa haka, ya koma gida da rana tsaka. Ya tarar da mahaifinsa a falo, tabarau a karan hanci, ya tallabi waya da hannu biyu.

"Baba, me kake yi?"

Tsohon ya juyo masa da fuskar wayar. Ɗakin jira ne.

"Ai ka ce sai an cika huɗu," ya ce. "Na kama maka wuri ɗaya. Sauran suna hanya ko?"