Jitar Royce Tackett

Ardith Mabry ta kifa jitar a kan teburin shagonta na gyara, ta jawo akwatin da take takawa don hannunta ya kai, ta hau. Irin jitar nan ce mai ƙafafu kamar tebur, a zaune ake kaɗa ta, ana taka fedojinta da ƙafa. Shekara hamsin rabonta da ganin cikinta. Ƙarafan da ke haɗa fedoji da tsirkiyoyi sun yi baƙi ƙirin da tsohon giris, amma aikin mijinta ne, marigayi Doyle, ko ido rufe ta san shi.

Haskell Crabtree, shugaban kwamitin bikin gunduma, ya tsaya riƙe da hularsa yana bayani. Faifan "Ruwan Cumberland" ya cika shekara hamsin, za a karrama Royce Tackett ranar Asabar, kuma zai kaɗa waƙar da jitar da aka ɗauki faifan da ita. Duk jihar Tennessee babu wanda bai san kukan da jitar nan ta yi a tsakiyar waƙar ba. Da shi Royce ya yi suna, da shi ya ci abinci har ya tsufa.

Royce ɗin yana jingine a bakin ƙofa, dogo har sai ya sunkuya, yana sakace haƙori.

"Gajeruwa, ashe kina nan," ya ce. "A mayar min da ita yadda take ranar faifan. Kada ki yi min ƙirƙira, ɗaurin noti kawai na sani da gidanku."

Ɗaurin noti. Abin da ya faɗa ke nan a rediyo bara, sati guda bayan an binne Doyle, jana'izar da ko leƙowa bai yi ba. Wai shi ya tsara jitar da kansa, Doyle ɗan ɗaure noti ne. Ardith tana soya ƙwai ta ji, ta kashe rediyon, ƙwan ya ƙone. Tun ranar take dakon mutumin nan, ga shi ya kawo kansa.

"Yadda take ranar faifan," ta maimaita. "Haskell, rubuta min haka. Shi ma ya sa hannu."

"Har da takarda, Mis Ardith?"

"Na tsufa, mantuwa nake."

Royce ya yi dariya ya sa hannu, har da jan dogon layi a ƙasa.

Da suka tafi ta ɗauki magagari. Ƙarfe ɗaya za ta ci kaɗan, ya karye a tsakiyar waƙa, kowa ya ga kunyarsa. Ta daɗe tana kallonsa a hannunta. Sai ta mayar da shi aljihun tebur, don ba za ta ɓata aikin Doyle saboda wani banza ba.

Ta goge giris, ta haska fitila. Kusa da kowane notin da ke riƙe da ƙarafan turawa da gwiwa akwai tsohon rami da aka toshe da guntun katako. Ta tone su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da kowane noti gidansa na asali, ƙarafan gwiwar suka matso kusa da juna. Ta zare sandunan fedoji ta sake jera su, na farko ya koma na uku, na uku ya dawo farko. Ƙafafun jitar ma akwai tsohon zanen da aka yi da ƙusa, ta sauke su har kan zanen, kusan taƙi guda.

Kwana huɗu shagon yana rufe. Mai gidan abincin da ke kallon shagon ta aiko mata burodin masara da wake, ta ce ta ji ana ta maimaita tsohon faifan nan, ko kewar Doyle ce? Ardith ta ce kewa ce. Ta kai takalminta na hagu wurin mai gyara, gefensa ya cinye kamar kullum.

Asabar da azahar filin ya cika, mutane a kan kujerun ninkewa suna fifita da takardar shiri. Haskell ya karanta tarihi, aka tafa, Royce ya fito da farar riga mai ƙyalli, ya ja kujera zai zauna.

Gwiwoyinsa suka ƙi shiga ƙarƙashin jitar. Ya karkace, ya miƙe ƙafa, ya cusa da ƙyar, jitar ta ɗagu a kan cinyarsa. Makaɗa suka tashi, ya taka fedar farko, sai wani sauti ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya sake takawa, ya fi na farko muni. Wani daga baya ya yi ihu, "Royce, a dawo mana da kuɗin tikiti ne?" Dariya ta ɓarke.

"Tsohuwar nan ta lalata min kaya!" ya faɗa, ya manta lasifika a buɗe take. "Na rantse ban taɓa zama gaban jita a haka ba!"

"Gaskiyarka ta farko ke nan," in ji Ardith daga kan matakalar dandamali. Ta miƙa wa Haskell takardar. "Karanta musu abin da ya sa wa hannu."

Haskell ya karanta. Ardith ta ce wa Royce ya tashi, ya kuwa tashi. Ta zauna, gwiwoyinta suka shige tsakanin ƙarafan kamar ƙafa a tsohon takalmi. Ta ɗaga wa mai ganga kai, ta taka feda da gefen takalminta na hagu, kukan nan ya fito cif yadda kowa ya haddace shi.

Ba ta lalata komai ba, jitar ta mayar daidai tsayinta da tsarin fedojinta, yadda take ranar faifan. Ranar faifan Royce yana kwance a bayan mota, giya ta kayar da shi, mai kamfanin faifan kuma ya ce babu mai sayen faifan da aka rubuta sunan mace a kan jitarsa, don haka sunan Royce aka buga a kan waƙar da Ardith ta kaɗa.