GPS Ɗin Baba

A yi haƙuri da sabon hannu.

"Daga yau kin huta da bin mota," in ji babanta a shagon GPS. "Na'ura za ta nuna mini hanya, ke ki koma madafa."

Tun tana ƙarama ita ke zama gaba tana karanta masa taswira, kuma ba ta shirya sauka ba. Yanzu wai ita za ta zaɓi magajiyarta. Ta tsallake na'urori masu magana da Larabci, wanda Baba ke ji sarai, ta nuna wata tsohuwar na'ura da 'yan yawon buɗe ido na dutsen Assekrem suka bari.

Ran gwaji, a hanyar garin Silet, na'urar ta ɓarke da Faransanci.

"Me take cewa?" in ji Baba, da yake ba ya jin Faransanci.

Ta gyara zama. "Wai gobe ma a zo da ni."