Zanen Da Aka Lulluɓe Sau Biyu

Kai da ka ce gobe za ka kai kwamfutarka a kwashe maka kayan cikinta, tsaya ka ji wannan tukuna. Ni ban yi boko ba, rubutun nan ma da ƙyar nake jan sa. Amma tun rasuwar maigidana nake zaune a rumfar zare, kuma ba a taɓa sayar mini da buhu ban ɗaga na ji nauyinsa ba. Abin da zan gaya maka a layinmu aka yi shi, a gaban idona.

Akwai wani mai ɗinkin manyan riguna. Ubansa da allura ya yi aiki har idonsa ya dushe. Shi ɗan ya zo a zamanin inji, sai ya bi zanen uban ya shigar da su kwamfuta, ita ce ke gaya wa injin inda zai soka allura. Zanen aska biyu, aska takwas, tambari, duk suna ciki. Akwai guda ɗaya da tsohon ya ƙirƙira da kansa, bai ɗinka wa kowa ba sai rigarsa, rigar kuwa an yi sadaka da ita bayan rasuwarsa, ba a san inda ta shiga ba. Ka ga ke nan zanen ba ya ko'ina a duniya sai cikin kwamfutar nan. Shi mai ɗinkin akwai tsoron a sace masa fasaha, ni kuwa ban ga laifinsa ba, don ni ma ba na gaya wa maƙwabciyata inda nake saro zare. Sai ya sa wa zanen duka alamar ɓoyewa, ko ka buɗe kwamfutar ba za ka gan su ba. Guda ɗayan da uban ya ƙirƙira kuwa bai tsaya nan ba, ya ƙara masa alama ta biyu, irin wadda kwamfuta ke sa wa kayan jikinta, hantarta da huhunta, waɗanda ko an ce ɓoyayyu su fito, su ba sa fitowa.

Ana nan kwamfutar ta fara gurnani, tana ɗaukewa tana farfaɗowa. Ya rungumo ta zuwa wurin mai gyara, rumfa ta uku daga tawa. Mai gyara ya kara kunne ya ce faifan ajiyarta ya kusa mutuwa, in ta tashi yau ba lalle ta tashi gobe ba, a kwashe komai yanzu a zuba a wani faifan. Ta tashi da ƙyar. Ya duba, ya ga kwamfuta ta ce cikinta taf yake, abin da ke fili kuwa bai kai mudu ba. Buhu ya yi nauyi, ka leƙa ka ga tafin hannu. Sai ya ce, "Maigida, abin da nake kwasa da shi ba ya ɗaukar lulluɓaɓɓe. In ka rufe wani abu, faɗa mini in yaye." Mai ɗinki ya ce akwai. Mai gyara ya rubuta layi ɗaya tak, ya danna.

Na ga abubuwa a kasuwar nan, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Gilashin kwamfutar da yake fari fat kamar faranti, sai ga zane na tsirowa, wani na bin wani, kamar gona bayan ruwan fari. Aikin tsohon da ke kwance a kabari ya cika gilashin, har karkatar hannunsa ana gani. Ashe duk suna nan tun ɗazu, idonmu ne aka hana. Masu wucewa suka tsaya, rumfa ta cika. Cikinsu har da wasu maɗinka biyu, sun miƙa wuya suna kallo.

Mai gyara ya sake duba nauyin ya ce, "Akwai ɗan saura. Kayan jikinta ne, ko akwai naka a ciki? Su ba na yaye su sai an ce." Mai ɗinki ya dubi maɗinkan nan biyu, ya dubi gilashin, ya ce, "Nata ne."

Aka kwashe abin da aka gani tsaf. Kafin la'asar kwamfutar ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru, shirun da ba ta sake tashi ba. Mutumin ya koma shago ya buɗe sabon faifai, komai na nan sai guda ɗaya. Ya dawo babu hula, a gaban mutanen nan da ya ji tsoronsu ya faɗi abin da ya ƙi faɗa ɗazu. Mai gyara ya yi iya yinsa, tsohon faifai ya ƙi motsi. Lulluɓin da ya hana ɓarawo gani, shi ya hana mai ceto gani.

Har yau mai ɗinkin yana zuwa sayen zare wurina, kuma ban taɓa rage masa ba, ciniki ciniki ne. Yana ta lalubar zanen da allura, ya ɗinka ya warware, ya ce tsakiyar ce ta ɓace masa.

To, gobe in ka je, ka yaye komai, na farko da na biyu, in an gama ka mayar da lulluɓinka. Magabata sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.