Kwamfutar Salman

Sandar farko a kafaɗa ta sami Japhet. Ta biyu ta fasa masa gira, jini ya rufe masa ido, ya zube tsakanin kwamfutocin da yake gyarawa. Kafin ya yunƙura an ja shi da ƙafa zuwa bakin shago. Rana ta take, kasuwar Kontagora a cike, nan da nan aka kewaye shi.

Mahmud ne riƙe da sandar. Duk layin masu gyaran waya an san shi, an kuma san abin da ya rasa.

Shi da Salman tun makaranta suke tare. Suka haɗa kai suna ƙera wasan dambe na waya, Mahmud na zana 'yan damben, Salman na haɗa motsinsu. Abu ɗaya ya hana su zaman lafiya: manhajar da suke aikin da ita. Kamfanin ya ba da zaɓi, ko a biya wata-wata, ko a saye ta gaba ɗaya. Salman ya ɗauki wata-wata, ya buɗe asusun da sunansa, ya ce ta fi sauƙi kuma kullum ana sabunta ta. Mahmud ya ce haya ce, ɗan haya kuwa ba ya kiran gida nasa. Ranar da wani kamfani a Legas ya nuna sha'awar sayen wasan, aka ji su har titi.

“In dai asusun da sunanka yake, ai ni lebura ne!” in ji Mahmud.

Bayan 'yan kwanaki aka tsinci Salman a gefen hanyar Ibeto, da sara a wuya da hannuwa. An bar babur ɗinsa, an ɗauke jakar kwamfuta. Mutane suka ce ɓarayin daji ne, don hanyar ta saba gani. Mahmud ne ya shiga kabari ya karɓi gawar. Tun daga ranar bai buɗe baki ya yi kukan aikin da ya tafi da kwamfutar ba, aka yi ta yaba tawakkalinsa.

Hamida, yayar Salman, ita ta riƙe wayar mamacin. Jiya da la'asar ta kira Mahmud zaure ta nuna masa wayar daga nesa. Ta ce kamfanin manhajar ya aiko da saƙo: an kunna kwamfutar a cikin Kontagora. Tunda manhajar ta wata-wata ce, kamfanin na bibiyar inda kwamfutar take, gobe kuma za su faɗi unguwar.

Mahmud ya miƙe. Sannan ya ce, “Ki bar min wannan, Yaya Hamida.”

Yau da hantsi ya tara samarin layi. Ya ce ya bincika, mutum ɗaya ne a kasuwar nan ke sayen tsofaffin kwamfutoci ba ya tambayar inda suka fito.

Yanzu ga mutumin a ƙasa. Wani ya taka masa yatsu har suka yi ƙara. Wani ya kwaɗa masa benci a baya. Japhet na ta nuna bayan shagonsa, yana cewa da safe ya tarar an ɓalle masa kwaɗo, su je su gani, amma jini ya cika masa baki, Hausarsa ta cakuɗe da Kambarci, ba wanda ya tsaya saurare.

Mahmud ya shiga shagon. Bai taɓa kanta ba, bai buɗe durowa ba. Ya wuce kai tsaye zuwa wani buhu a lungu, ya zazzage shi, ya fito da kwamfuta a sama. Ga hoton ɗan dambe manne a murfinta.

Kasuwa ta ɗauki ihu. Aka turo taya, wani ya ruga neman fetur.

Daidai nan Hamida ta sauko daga keke-napep, bayanta Mailafiya, shugaban 'yan banga, da mutanensa. Mailafiya ya harba bindigar toka sama, taron ya dare. Mahmud ya taho da sauri, rigarsa duk jini, ya miƙa mata kwamfutar da hannu biyu.

“Ga ta, Yaya. Saƙon kamfanin gaskiya ne, Allah ya tona asirinsa.”

Ba ta karɓa ba. Ta wuce shi, ta durƙusa gaban Japhet, ta cire mayafinta ta danne masa girar da ke zuba. Ta ce ya yafe mata, wallahi ba ta zaci abin zai faɗo kansa ba. Samarin suka dubi juna. Wanda ya kawo fetur ya ajiye jarkar a hankali.

Mailafiya ya tsaya kanta ya ce, “Baiwar Allah, ina saƙon kamfanin? Da shi za mu kai wannan ofishin 'yan sanda.”

Hamida ta ɗago. Ba Japhet take kallo ba, Mahmud ta kafe da ido.

“Babu saƙo, Baba Mailafiya. Da safen ranar da Salman ya fita, a gabana ya daina biyan wata-wata, ya sayi manhajar gaba ɗaya da sunan abokinsa, ya ce in ya dawo zai ba shi mamaki. Wadda aka saya ba ta bibiyar kowa. Ni na ƙirƙiri zancen jiya, kuma duk duniya Mahmud kaɗai na faɗa wa.”