Allon da Ke Maido Ƙauye

Malam Hamma ya zuba ido, Barnabas mai gyara yana kunna masa kwamfutarsa da ke ba da matsala. Ɗiyar tsohon ce ta turo shi Maradun, inda uban ke zaune shi kaɗai.

Allon ya kawo hoton ƙauyen su Hamma da dam ɗin Bakolori ya haɗiye, marigayiya matarsa Gimbiya tana tsaye a ƙofar gida. Can sai shuɗi ya taso daga ƙasan allon kamar ruwa, ya shanye hoton. Kwamfutar ta mutu, ta sake tashi da kanta, ƙauyen ya dawo.

"Ka gani, Baba? Yanzu zan raba ka da matsalar nan."

Hamma ya riƙe masa hannu.

"Bar ta haka, ɗana. Nan kaɗai ruwan ke janyewa ya maido mini Gimbiya."