Malamin Bayan Katanga

Karo na uku ke nan Sha'ibu yana ɗaga hannu ya tsayar da kiɗa, kuma duka ukun saboda Badaru ne. Sha'ibu shi ne shugaban makaɗan gita na unguwarsu a Dakoro, ba ya kuma ɓoye wa kowa abin da kunnensa ya ji. Ya ce shi akor uku kacal yake kamawa, wato haɗin muryoyin da ake dannawa tare, La da Re da Mi, amma duk wanda ya danna sai Badaru ya kwashi muryoyinsa ya nufi wani gari daban. Ya ba shi mako biyu. In ranar bikin da aka gayyace su a garin Korahane ta zo bai gyaru ba, ya ajiye gita ya koma ɗaukar baful, manyan akwatunan sautin nan da ya shekara uku yana dako.

Badaru ya tsani baful har cikin ransa. Shi ɗan birnin Maraɗi ne, gyaran waya ya kawo shi Dakoro, kuma a wayar ya koyi muryoyi shida na bulus, wani salon kiɗan baƙar fatar Amurka: biyar lafiyayyu, da ta shida karkatacciya. Yatsunsa sun haddace su tsaf. Kunnensa ne bai san an yi ba.

Ya ɗauki akor ɗin Sha'ibu a waya, kullum bayan azahar ya zauna jikin katangar da ta raba shi da gidan Intalla, ya kunna yana bi. Intalla tsoho ne mutumin arewa, sau biyu kawai Badaru ya taɓa ganinsa, cikin rawani. Ana raɗe-raɗin cewa da ƙuruciya babu mai kama ƙafarsa a gita, ya tuba ya bari, kuma ba ya son a tuna masa.

Ranar farko, akor na kan La, Badaru ya sauka a kan karkatacciyar nan ya yi zamansa. Sai ya ji tari daga bayan katanga, busasshe, mai zurfi, irin na dattijon da ransa ya ɓaci. Ya sake, aka sake tari. A karo na uku ya taɓa ta kawai ya zame zuwa ta gaba. Shiru. Badaru ya gane wanda ke saurarensa.

Daga ranar ya shiga makaranta. Saboda tsoron tarin nan ya fara kasa kunne ga abin da hannunsa ke yi, abin da bai taɓa yi ba. Ya gano ashe kowane akor yana da ƴan gidansa cikin muryoyin shida, sauran baƙi ne. Kana iya ratsa baƙi yadda ka so, amma in za ka tsaya, ka tsaya kan ɗan gida, kuma da zarar akor ya koma Re, ƴan gidan sun sauya. Karkatacciyar kuwa baƙuwar kowa ce, gaishe ta ake yi a wuce.

Malamin nan yana da wuyar sha'ani. Wani lokaci Badaru ya kaɗa daidai a yi masa tari, sai ya ce lalle babu rai a ciki, ya maimaita sau ashirin. Wani lokaci ya yi kuskure a ƙyale shi, wannan ya fi tayar masa da hankali, don ya ɗauka tsohon ya fid da rai da shi. Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, ina wuni?" Ba a amsa ba, sai dai aka buga ƙafa a ƙasa sau biyu. Badaru ya fahimta, ya rage sauri.

Kullum yakan naɗe dabino a takarda ya tura ta saman katanga, ya ji ana kwasa nan take, ba godiya. Bai damu ba, manya haka suke. In ya haɗu da Zuhura matar Intalla ta ɗauko harawa da dusa, har ƙasa yake durƙusawa, ita kuwa ta bi shi da kallon mamaki.

Ranar biki aka fara kiɗa bayan la'asar. Sha'ibu bai ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Duk inda ya kai akor, ya tarar Badaru ya riga shi sauka, in ya shafi karkatacciyar ya wuce sai mata su rangaɗa guɗa. Da aka tashi, Sha'ibu ya ce wani ya ɗauki baful, Badaru ya zauna kusa da shi. Ya tambaye shi wa ya koya masa, Badaru ya yi murmushi kawai, don sirrin dattijo ba abin fallasawa ba ne. Farin ciki ya buɗe masa ciki, ya tashi da faranti uku na nama, yana rantsuwa bai taɓa cin mai zaƙi irinsa ba, kamar da dabino aka yi kiwon dabbar.

Washegari da hantsi ya sayi sabon rawani, ya yi sallama a gidan Intalla. Zuhura ta fito. Ya ce ya zo ne ya yi wa Baba godiya ido da ido, ya zayyana mata komai, tun daga tarin farko.

"Ɗan nan, wane Baba?" in ji ta. "Mai gidanga wata biyu ke nan yana can garin Rumbu wurin raƙuma."

"To Inna, wa ke mini tari?"

Zuhura ta dubi turken da ke jikin katanga, babu komai sai igiya da guntayen takarda.

"Ragonmu na, dusa ke shaƙe shi. Ai shi masu biki suka saya, aka yanka muku jiya a Korahane."