Bindigar da Aka Binne a Rumbu

Tanimu, zauna nan, ka daina tsaya mini a ka kamar turke. Na ji an ce kafin ka kwashe iyalinka ka koma garin da za ka koma, sai ka sayi bindiga, don kawai ka ga ɗan gidan Ladi ya rataya tasa. Ni ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba a dokar gwamnati, amma idona ya ga abin da ya gani. Buɗe kunnenka.

An yi wasu manoma biyu 'yan gari ɗaya, dogo da gajere. Fari ya kore su, suka yi ƙaura zuwa wani gari a bakin daji. Mai gari ya ba kowannensu aron gona, suka kafa gidaje danga ɗaya ta raba su. Gajere ya zo da tsohuwar adaka ta gadon ubansa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ƙotarta ma da fata aka ɗaure. Tun bai gama kwance kaya ba ya tambayi yadda ake yi a garin. Aka ce masa a nan baƙo ba ya kwana da bindiga a ɗaki sai an san da shi. Ya ɗauke ta ya jingine a zauren Sarkin Baka, shugaban maharba. Sarkin Baka ya kai shi gaban mai gari, mai gari ya haɗa shi da ɗan rakiya zuwa ofishin 'yan sanda. Aka yi ta yi masa je-ka-ka-dawo, yau a tambayi asalinsa, gobe a nemi wanda zai tsaya masa. Damina ta ƙare birai na cin masararsa yana korarsu da gwangwani, dogo kuwa na leƙowa ta saman danga yana cewa, "Mai bindiga a gidan wani, an tashi lafiya?" Da kaka aka ba gajere lasisinsa, aka miƙo masa adakarsa.

Daga ranar dariyar dogo ta bushe. In gadu ya shiga rogon wani, gajere ake aika wa. In maharba za su fita, a ƙofar gajere suke tsayawa. Ya dawo da cinyar barewa, ƙamshin miya ya tsallaka danga, matarsa ta zuba a kwano ta miƙa wa matar dogo. Dogo ya ce a mayar, naman daji na sa shi ƙaiƙayi, mutumin da a garinsu har ƙashi yake taunewa. Sai ya sayar da bijiminsa na huɗa, ya bi wani dillali a ɓoye ya sayo bindiga mai baki biyu, sabuwa fil, tana ƙyalli. Zuwa gaban Sarkin Baka kuwa, ya ce shi ba zai durƙusa inda gajere ya durƙusa ba. Ya binne ta cikin gero a rumbu. Sau ɗaya tak ya harba ta, a fadamar da ke bayan gonarsa, ya dawo gida ya sake binne ta. To, abin da aka saya don a nuna, in ya ƙi nunuwa, cikin mai shi yake ci. Ga tasa ta fi ta gajere nesa ba kusa ba, amma tana kwance cikin gero kamar ɓera, ga gajere na wucewa da ƙwaraɓaɓɓiyar adaka mata na yi masa barka da dawowa. Dogo ya rame, tuwo ya daina wuce masa.

Ran kasuwa ya saci jiki ya je ofishin 'yan sanda, ya ce akwai baƙo a unguwarsu da ke riƙe da bindiga ba bisa ka'ida ba. A ransa, ko da takarda, in aka ja gajere a bainar jama'a ai mutuncinsa ya zube. Da hantsi 'yan sanda suka zo ƙofar gajere, da mai gari da Sarkin Baka. Gajere ya fito da adaka da lasisi, aka duba, aka mayar masa. Har sun juya, Sarkin Baka ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya kai ƙarar bai yi ƙarya ba. Kowace bindiga a garin nan na san muryarta. Kwanaki na ji wata baƙuwa ta yi kuka a fadamar can." Ya nuna bayan gonar dogo. Ɗan sanda ya hau rumbun dogo ya zura hannu, bai ko kai gwiwar hannu ba ya jawo ta.

Aka tafi da dogo da bindigarsa. Bindigar ba ta dawo ba, shi ma sai da ya ɗanɗana tuwon gidan yari. Mai gari ya ce ba ya ba da aron ƙasa ga wanda ke ɓoye masa wuta a gari, ya karɓe gonar ya ƙara wa gajere. Gonar nan kuwa, duk rani dogo ya yi yana kai mata taki a kan jaki, mangala bayan mangala. Da ya fito ya zo kwasar iyalinsa, ta gefenta ya bi. Dawa ta fi tsayinsa, gajere na ciki yana ɗaurin dami.

Saboda haka in bindigar kake buƙata, ka bari sai ka sauka, ka tambayi ƙofar da ake bi a can, ka bi ta ko za ta kai ka baɗi. In kuwa kafaɗar ɗan gidan Ladi ce ta tsone maka ido, bar kuɗinka ka sayi jaki, ya fi maka amfani. Hausawa sun gama magana tun ba a haifi ubanka ba: hassada ga mai rabo taki ce.